ZAƁEN HARSHEN RUBUTA MANHAJAR WAYA: JAGORA GA ƊALIBAI DA MASU BA DA AIKI

GABATARWA

A watan Agusta na 2001 ne kamfanonin MTN da Econet suka fara aikin wayar salula a Nijeriya. Kafin wannan lokaci, mutumin Kontagora da ke son aika saƙo ga ɗan'uwansa a Legas ko Sakkwato yakan rubuta wasiƙa ya kai gidan waya, ko kuwa ya tafi tasha ya ba direba amana. Yau waya tana aljihun manomi, da malamin makaranta, da dillalin shanu a kasuwar Mariga. Da ita ake aika kuɗi, da ita ake jin farashin masara, da ita ɗalibi ke duba sakamakon jarrabawarsa.

Yawancin waɗannan ayyuka manhaja ce ke yin su, kowace manhaja kuwa wani ne ya zauna ya rubuta ta da wani harshe na musamman. Matasa da yawa a ƙasar nan suna so su koyi wannan sana'a. Haka kuma shugabannin ƙungiyoyi, da makarantu, da 'yan kasuwa suna ba da kwangilar a rubuta musu manhaja. Tambayar da dukansu ke fara cin karo da ita ɗaya ce: wane harshe ya kamata a zaɓa?

Kuskure a wannan wuri yana da tsada. Ɗalibi yana iya ɓata shekara guda yana koyon harshen da ba shi da kayan aikinsa. Ƙungiya tana iya biyan kuɗin da mambobinta suka tara da gumi, a kawo mata manhajar da ba ta buɗuwa a wayoyinsu. An shirya wannan ɗan littafi domin taimakon jama'a su kauce wa irin wannan hasara. Shawararsa a taƙaice ita ce: a fara duba wayar da ke hannun mutanen da za su yi amfani da manhajar, sa'an nan a zaɓi harshe. Za mu ɗauki misalanmu daga Kontagora ta Jihar Neja, amma bayanin ya shafi kowane gari a Nijeriya.

1. MENE NE HARSHEN KWAMFUTA?

Wayar zamani ƙaramar kwamfuta ce. Ita kwamfuta ba ta jin Hausa ko Turanci. Abin da take ganewa kawai shi ne jerin lambobi biyu, watau 0 da 1, waɗanda ke nufin kashewa da kunnawar lantarki a cikinta. Ɗan Adam ba zai iya rubuta dogon umarni da waɗannan lambobi ba tare da ya ruɗe ba. Sabo da haka masana suka ƙirƙiro harsuna masu kama da maganar mutane, suka kuma ƙera wata manhaja da ke aikin tafinta, tana juya abin da mutum ya rubuta zuwa lambobin da na'ura ke ganewa. Ɗaya daga cikin harsunan farko shi ne FORTRAN, wanda kamfanin IBM na Amurka ya fito da shi a 1957. Daga wancan lokaci zuwa yau an ƙirƙiro ɗaruruwa.

Kowane harshe yana da nahawunsa, nahawun kuwa ba ya yafiya. In mai rubutu ya manta da ƙaramar alama ɗaya, tafinta zai ƙi aiki har sai an gyara.

Ga misalin irin umarnin da ake rubutawa, in da za a faɗe shi da Hausa: "Idan kuɗin da ke asusun mai saye ya kai farashin buhu, a cire kuɗin, a ba shi rasit. In bai kai ba, a nuna masa saƙon cewa kuɗinsa bai isa ba." Duk harsunan da za mu ambata suna iya faɗin wannan magana. Inda suka bambanta shi ne irin wayar da kowanne ke aiki a kanta, da nauyin manhajar da yake fitarwa, da kayan aikin da yake bukata, da kuma yawan mutanen da suka iya shi.

2. IRE-IREN WAYOYIN DA KE HANNUN JAMA'A

A kowace babbar waya akwai uwar manhaja, wadda ke tafiyar da wayar duka, sauran manhajoji kuma a kanta suke zama. Iri biyu ne suka mamaye duniya.

Na farko shi ne Android, na kamfanin Google. Wayar Android ta farko ta shiga kasuwa a 2008. Kamfanoni da yawa suna ƙera wayoyi da shi, kamar Samsung, da Tecno, da Itel, da Infinix. Ukun ƙarshe duk na kamfani ɗaya ne, watau Transsion na ƙasar Sin. Mafi yawan manyan wayoyin da ke Nijeriya Android ne, domin akwai masu araha a cikinsu.

Na biyu shi ne iOS, na kamfanin Apple, wanda ke cikin wayar iPhone. An fara sayar da iPhone a 2007. Waya ce mai tsada, an fi ganinta a manyan birane da hannun masu hali.

Abin lura a nan shi ne, manhajar da aka rubuta domin Android ba ta aiki a kan iPhone, wadda aka rubuta domin iPhone ita ma ba ta aiki a kan Android.

Akwai kuma kashi na uku wanda masu rubuta manhaja suka cika mantawa da shi, watau ƙananan wayoyi masu madannai. Yawancinsu kira da gajeren saƙo kawai suke yi, sai kuma danna lambobi irin waɗanda ake duba kati ko aika kuɗi da su, masu farawa da alamar tauraro. Mutanen karkara da yawa sun fi son su, domin batirinsu yana kwanaki ba a yi caji ba.

Har wa yau ya kamata mu tuna cewa wayoyi suna tashe su shuɗe. An yi zamanin Nokia mai tsarin Symbian. An yi zamanin BlackBerry, wadda matasan Nijeriya suka yi yayinta ƙwarai, amma a Janairun 2022 kamfanin ya rufe hidimar tsofaffin wayoyinsa. Wayoyin Windows na Microsoft su ma sun wuce. Waɗanda suka san harshen waya ɗaya kaɗai ba su san tushen sana'ar ba sun sha wuya a lokacin. Waɗanda suka san tushe kuwa sun koma wani harshe cikin 'yan watanni.

3. HARSUNAN DA AKE AMFANI DA SU

Hanya biyu ake bi wajen rubuta manhajar waya. Ko dai a rubuta wa kowace irin waya tata da harshenta na gida, ko kuwa a yi rubutu ɗaya a fitar da shi domin wayoyin biyu.

(a) Java. Kamfanin Sun Microsystems ya fito da shi a 1995, ƙarƙashin jagorancin James Gosling. Da shi aka fara rubuta manhajojin Android, har yanzu kuma akwai tsofaffin manhajoji masu yawa da aka yi da shi. Bankuna da manyan kamfanoni suna amfani da shi a kwamfutocinsu. Aibinsa shi ne yawan rubutu: abin da wani harshe zai faɗa a layi uku, Java yakan ci layi goma.

(b) Kotlin. Kamfanin JetBrains ya sanar da shi a 2011, cikakken bugunsa na farko ya fito a 2016. A 2017 Google ya karɓe shi a matsayin harshen Android, a 2019 kuma ya ce shi ne harshen da ya fi so a yi amfani da shi. Ya fi Java taƙaita magana, yana kuma kama wani kuskure da ya daɗe yana sa manhajoji su rufe kansu ba zato, watau neman bayani a gurbin da babu kome a ciki. Kotlin da Java suna zama lafiya a cikin manhaja ɗaya. Wanda zai fara aikin Android yau, Kotlin ya kamata ya nufa.

(c) Swift. Apple ya fito da shi a 2014 domin ya gaji tsohon harshensa Objective-C. Shi ne harshen gida na iPhone.

(d) Dart. Google ya fito da shi a 2011. Ana amfani da shi tare da wani kayan aiki mai suna Flutter, wanda cikakken bugunsa na farko ya fito a Disamban 2018. Mutane da yawa suna zaton Flutter harshe ne. Dart ne harshen. Flutter kamar masaƙa yake, Dart kuwa zaren. Da rubutu ɗaya ana samun manhajar Android da ta iPhone.

(e) JavaScript. Brendan Eich ya ƙirƙiro shi a 1995. Duk da kamannin suna, ba shi da dangantaka da Java. Shi ne harshen shafukan intanet. A 2015 kamfanin Facebook ya fito da React Native, wanda ke ba masu JavaScript damar rubuta manhajar Android da iPhone a haɗe. Amfaninsa shi ne, wanda ya iya shi yana iya yin shafin intanet, yana iya yin manhajar waya.

(f) C#. Harshen Microsoft ne. A da ana rubuta manhajar waya da shi ta hanyar Xamarin, amma Microsoft ya daina kula da Xamarin a watan Mayu na 2024, ya maye gurbinsa da .NET MAUI. Duk wanda aka ce za a yi masa sabuwar manhaja da Xamarin yau, ya ƙi.

(g) Python. Guido van Rossum ya fito da shi a 1991. Yana da sauƙin koyo, makarantu da yawa da shi suke farawa. Amma ƙarfinsa yana wajen nazarin alƙaluma da tafiyar da manyan kwamfutocin ajiya. Ba kasafai ake rubuta manhajar da ke zama a cikin waya da shi ba.

4. TAMBAYOYI SHIDA KAFIN A ZAƁA

Ta farko: Wace waya ce a hannun masu amfani? Kada a yi zato. A fita a ƙirga. In ƙungiya tana da mambobi 200, a tambayi 50 daga cikinsu, maza da mata, na gari da na ƙauye, a rubuta sunan wayar kowa da shekarunta. Aikin yini ɗaya ne, yana kuwa iya ceton dubban nairori. In duka Android ne, babu dalilin biyan kuɗin manhajar iPhone.

Ta biyu: Yaya ƙarfin sabis yake, nawa mutane ke iya kashewa a data? A cikin garin Kontagora ana samun sabis, amma wanda ya shiga ƙauyukan Rijau ko Mashegu ya san akwai wuraren da sai an hau tudu kafin a yi kira. Manhajar da za ta yi aiki a irin waɗannan wurare dole ta iya ajiye bayani a cikin waya, ta aika da shi sa'ad da sabis ya dawo. Duk harsunan nan suna iya wannan in an tsara tun farko. Sai dai nauyi ya bambanta. Manhajar da aka yi da Flutter ko React Native takan ɗauko injinta tare da ita, don haka ƙaramar manhajar Kotlin takan fi ta sauƙin nauyi. Ga mai tsohuwar waya wadda ma'ajiyarta ta cika da hotuna, wannan bambanci yana iya zama dalilin da zai sa ya bar manhajar ko ya goge ta.

Ta uku: Waɗanne sassan waya manhajar za ta taɓa? In aikinta cike fom ne, da nuna jerin kaya, da karɓar kuɗi, kowane harshe ya isa. In kuwa za ta yi aiki mai zurfi da kyamara, ko na'urar ɗaukar zanen yatsa, ko ƙaramin injin buga rasit, ko kuma za ta riƙa aiki a ɓoye waya tana aljihu, to harshen gida ya fi dacewa, watau Kotlin ko Swift. Dalili shi ne, duk sabon abin da Google ko Apple suka ƙara wa waya, a harshensu yake fara fitowa, sauran sai su biyo baya.

Ta huɗu: Wane kayan aiki ke akwai, nawa ne kuɗinsa? Manhajar da ake rubuta aikin Android a cikinta, watau Android Studio, kyauta ce, tana kuma aiki a kwamfutar Windows, ko Linux, ko Mac. Tana dai bukatar kwamfuta mai ɗan ƙarfi, wadda ƙwaƙwalwar aikinta ta kai aƙalla gigabait 8. Ta iPhone kuwa, watau Xcode, a kwamfutar Mac kaɗai take aiki. Ko da Flutter ko React Native aka yi rubutun, fitar da na iPhone yana bukatar Mac, ko ta mutum ce ko ta haya a intanet. Bugu da ƙari, rajistar saka manhaja a shagon Google Play dala 25 ce sau ɗaya, ta Apple kuwa dala 99 ce kowace shekara. Mai lissafi da naira ya san wannan ba ƙaramin bambanci ba ne.

Ta biyar: Wa zai gyara in ta lalace? Manhaja kamar mota take, tana bukatar kulawa muddin ana amfani da ita. Direbobin da ke bin hanyar Jebba zuwa Yawuri sun san dalilin da ya sa ake sayen motar da kowane bakanike ya san injinta. Haka harshe yake. In wanda ya rubuta manhajar ya sami aiki a Abuja ya tafi, dole a sami wani a Kontagora ko Minna da zai iya karanta abin da ya bari. Kotlin, da Java, da JavaScript, da Dart duk suna da masana a ƙasar nan. Harshen da mutum ɗaya kaɗai ya iya a jiha haɗari ne, kome kyansa.

Ta shida: Da wane harshe manhajar za ta yi wa jama'a magana? Dukan harsunan da muka ambata suna iya nuna haruffan Hausa masu lanƙwasa, watau ɓ, ɗ da ƙ, suna kuma iya nuna rubutun ajami daga dama zuwa hagu. Abin da ake bukata shi ne a gwada a kan tsofaffin wayoyi, domin a waɗansu akan ga ɗan akwati a gurbin harafin. Akwai kuma wani abin da ya shafi kuɗi. Gajeren saƙo ɗaya yana ɗaukar haruffa 160, amma da zarar harafi mai lanƙwasa ɗaya ya shiga, sai ya koma haruffa 70 kawai, domin waɗannan haruffa ba sa cikin jerin da aka tsara wa gajeren saƙo tun asali. Ƙungiyar da ke aika saƙo ga mutum dubu tana iya biyan ninki biyu ko uku ba ta san dalili ba. A ƙasar Kontagora kuma, inda Kambari, da Dukawa, da Fulani ke zaune tare da Hausawa, kuma ba kowa ke karatun boko ba, yana da kyau a yi tunanin saka murya da hotuna tun daga farko.

5. MISALAI UKU DAGA KONTAGORA

Misali na farko. A ce wata ƙungiyar manoman masara da wake tana son mambobinta su riƙa sanin farashi, su kuma yi rajistar taki. An ƙirga, an tarar yawancinsu ƙananan wayoyi gare su. A nan manhajar da ake saukewa ba ta da amfani ga mambobi, da kowane harshe aka yi ta. Abin da ya dace shi ne tsarin danna lambobi, wanda ma'aikatan fannin ke kira USSD, ko kuwa gajeren saƙo. Shi wannan tsari ba ya bukatar data, yana aiki a kowace waya. Umarnin yana zaune ne a wata babbar kwamfutar ajiya, ana kuma iya rubuta shi da Python, ko Java, ko JavaScript. Ƙasar nan ta riga ta ga misalinsa. A 2012, zamanin da Dokta Akinwumi Adesina ke Ministan Aikin Gona, Gwamnatin Tarayya ta fara aika wa manoma shaidar karɓar taki da iri ta gajeren saƙo a wayoyinsu. Haka kuma Babban Bankin Nijeriya ya fito da eNaira a matsayin manhaja a watan Oktoba na 2021, a 2022 kuma ya ƙara lambar dannawa domin masu ƙananan wayoyi. Sakataren ƙungiyar da ma'aikatanta, waɗanda ke zagaya ƙauyuka suna ɗaukar sunaye, su ne za a yi wa ƙaramar manhajar Android da Kotlin, mai aiki ko babu sabis.

Misali na biyu. A ce wata makarantar sakandare a cikin gari tana son iyaye su riƙa ganin sakamakon 'ya'yansu. Iyaye sau uku a shekara za su duba. Ba wanda zai so ya cika wayarsa da manhaja domin abin da zai buɗe sau uku. Shafin intanet da aka tsara domin ya dace da fuskar waya ya wadatar, ya fi araha, yana kuma buɗuwa a Android da iPhone duka. Harshensa JavaScript ne. Wani lokaci amsar da ta fi kyau ita ce kada a yi manhajar saukewa sam.

Misali na uku. A ce wani ɗan kasuwa yana sayen hatsi da man kaɗanya a Kontagora, yana sayar wa masu shaguna a Legas da Abuja. Masu kawo masa kaya Android gare su, abokan cinikinsa na birni kuwa da yawansu iPhone suke riƙewa. Yana bukatar wayoyin biyu, amma ba shi da ƙarfin ɗaukar ma'aikata biyu, ɗaya na Kotlin ɗaya na Swift. A nan Dart da Flutter, ko JavaScript da React Native, su suka dace. In wanda zai yi aikin ya riga ya iya yin shafin intanet, React Native ya fi masa kusa. In sabon farawa ne, kowanne ya ɗauka zai kai shi.

Mai karatu ya lura cewa gari ɗaya ne, amma amsa uku aka samu. Mutanen da za a yi wa aikin su suka raba amsoshin.

6. SHAWARA GA ƊALIBI

Ɗauki harshe ɗaya ka zauna a kansa. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa. Wanda ke tsalle daga wannan harshe zuwa wancan duk sa'ad da ya ji an yabi sabo, shekara za ta zagayo bai gama manhaja ko ɗaya ba.

In burinka yin aiki domin jama'ar garinku, kuma kwamfutar Windows gare ka, fara da Kotlin. In kana son ka riƙa karɓar ayyukan 'yan kasuwa masu bukatar wayoyin biyu, fara da Dart ko JavaScript. Kada ka fara da Swift in ba ka da Mac. In ba ka taɓa rubuta umarnin kwamfuta ba, akwai App Inventor na jami'ar MIT ta Amurka, wanda kyauta ne, ana haɗa manhaja a cikinsa ta jera tubala a allo. Makonni kaɗan a kansa za su nuna maka yadda tunanin yake.

Ka mai da hankali ga tushe: yadda ake ajiye bayani, yadda ake sa sharaɗi, yadda ake maimaita aiki, da yadda ake binciko kuskure. Waɗannan iri ɗaya ne a kowane harshe, su ne kuma za su ɗauke ka in zamani ya juya. Ka kuma ƙarfafa Turancinka, domin kalmomin umarni da littattafan jagora yawanci da shi aka rubuta su.

Tun daga 2022, sa'ad da ChatGPT ya fito, manhajojin ƙirƙirarriyar basira suna iya rubuta umarni in an tambaye su. Suna taimako, amma suna kuskure. Kada ka miƙa wa mai aiki layin da kai kanka ba ka gane ba, domin ranar da ya lalace kai za a nema.

Wuraren koyo suna nan. A Jihar Neja akwai Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, wadda aka kafa a 1983. A 2023 Ma'aikatar Sadarwa ta Tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT, mai burin horar da 'yan Nijeriya miliyan uku a fannonin fasahar zamani, rubuta manhaja yana cikinsu. Amma takardar shaida ba ta kai aikin da aka gani da ido ba. Yi ƙaramar manhaja wadda za ta riƙe lissafin bashi a shagon mahaifinka, ka ba shi ya yi wata guda yana amfani da ita, ka gyara duk abin da ya koka da shi. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

7. SHAWARA GA MASU BA DA AIKI

Shugaban ƙungiya ko mai makaranta ba sai ya iya harshen kwamfuta ba, amma wajibi ne ya kiyaye waɗannan:

(i) Ya tambayi mai kwangila wane harshe zai yi amfani da shi, da dalilinsa. In dalilin bai ambaci wayoyin jama'arka ba, a sake zama.

(ii) A rubuta a cikin yarjejeniya cewa za a miƙa ainihin rubutun umarnin ga mai aiki. Wanda aka ba manhaja ba a ba shi rubutunta ba, kamar wanda aka gina wa gida ne magini ya tafi da makulli.

(iii) A buɗe rajistar Google Play ko ta Apple da sunan ƙungiya, kalmar sirri kuma ta zauna a hannunta.

(iv) A gwada manhajar a kan waya mafi tsufa da aka samu cikin mambobi, a wurin da sabis ba shi da ƙarfi, kafin a biya kuɗin ƙarshe.

(v) A ware kuɗin kulawa kowace shekara. Google da Apple suna sabunta ƙa'idojinsu a kai a kai, manhajar da aka bari ba gyara tana iya daina bayyana ga sababbin masu nema.

(vi) A tuna cewa Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023, ta ɗora alhaki a kan duk wanda ke tattara sunaye, da lambobin waya, da sauran bayanan mutane. Kada a tambayi abin da aikin bai bukata ba, abin da aka karɓa kuma a tsare shi. Rigakafi ya fi magani.

KAMMALAWA

Babu harshen da ya fi kowanne a kowane hali. Kotlin ya dace da wanda jama'arsa ke riƙe da Android, Swift na masu iPhone ne, Dart da JavaScript suna haɗa biyun, tsarin danna lambobi kuma yana kai wa ga wanda ba shi da babbar waya. Harsunan nan za su canja, kamar yadda na gabansu suka canja, amma tambayar farko tana nan: wa zai yi amfani da wannan manhaja, wace waya ce a hannunsa?

Ana roƙon malamai, da shugabannin ƙungiyoyi, da duk wanda wannan ɗan littafi ya shiga hannunsa, ya karanta wa waɗanda ba su samu ba, musamman matasa maza da mata masu sha'awar wannan sana'a. Ƙasarmu tana bukatar manhajojin da 'ya'yanta suka rubuta domin bukatun garuruwansu. Allah Ya ba mu sa'a, amin.